Ƙwallon da Ya Faɗo Tsakanina da Surukina

A cikin duk malaman da suka koyar da ni a kwalejin horon malamai, mutum ɗaya ne bai iya rubuta sunansa ba, kuma shi ne wanda har yau in na tuna shi nake gyara zama. A bayan idonsa Saje muke ce masa, a gabansa kuwa Malam. Tsohon soja ne, mutumin Bebeji. Ya je yaƙin duniya can ƙasar Bama ya dawo da usur a wuya, da ɗingishi a ƙafar hagu, da wani wasa da ake kira ƙwallon raga.

Kwalejin tamu ƙarama ce, a wani fili can gefen Ƙiru, a shekarun nan na hamsin da wani abu, kafin a ba mu mulkin kai. Kada ka ji an ce kwaleji ka zaci yara ne a ciki. Ƙarti ne aka tattaro daga garuruwa, wanda ya gama elemantare da wanda ya sauke Alƙur'ani ya ɗan iya boko, don a mai da mu malamai. Akwai masu gemu, akwai waɗanda suka baro 'ya'ya uku a gida. Ni ina cikin ƙanana, shekarata ɗaya da aure.

An ɗauki Saje ne don ya riƙa motsa mana jiki da safe. Ba shi da takardar shaida ko ɗaya, in aka kawo abin sa hannu babban yatsa yake dangwalawa. Amma da yake yana tsayawa gaban ɗalibai yana ba da umarni, kowa Malam yake ce masa, har shugaban kwaleji. Ban taɓa ganin mutumin da kalma ɗaya take yi wa daɗi kamar yadda wannan take yi wa Saje ba. In ka ce, "Malam," sai ya yi kamar bai ji ba, don ka sake faɗa.

Ya sa muka share fili a bayan ajujuwa, aka kafa azara biyu, ya je wurin masunta suka saƙa masa raga da igiyar rama. Mutanen ƙauye suka yi kwana uku suna zuwa kallo, suna jira su ga irin tsuntsun da za a kama. Shi kuwa ya tara mu ya yi bayani. Mutum shida nan, mutum shida can. A tura ƙwallo ta saman raga, kada a bari ya taɓa ƙasa a ɓangarenku, kuma taɓawa uku kawai aka ba ku. Duk lokacin da bugun farko ya dawo hannunku, kowa ya matsa gurbin na kusa da shi, a yi ta zagayawa. Ya ce, "Ko jaki aka koya wa zai iya."

Wataƙila jaki zai iya, mu dai ba mu iya ba. Ba ƙarfi muka rasa ba, hannuwan da suka saba da garma ne. Abin da ya kashe mu tarbiyya ce. A gidajenmu ba ka riga babba sa hannu a akushi, kuma ɗan halas ba ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce abu nasa ne. To, sai ƙwallo ya taso ya nufo tsakanin mutum biyu. Ƙaramin ya janye hannu ya ce, "Bismillah, Yaya." Babban ya ce, "A'a, ɗauki mana." Kafin su gama, ƙwallo ya faɗi tim. Sai su tsaya suna kallonsa kamar akuyar maƙwabta ce ta shigo gida.

Saje ya busa usur har jijiyar wuyansa ta tashi. "Ku ce nawa ne! Buɗe baki za ka yi, ka ce nawa ne, ka ture duk wanda ke gabanka!"

Wani mai gemu ya ce, "Haba Malam, a gaban mutane? Sai ka ce mayunwaci?"

Ba nan abin ya tsaya ba. In zagayawa ta kawo ƙarami gaban babba, ba zai yarda ya juya masa baya da gajeren wando ba, sai ya tsaya a karkace, ido ɗaya a raga ɗaya a ƙasa. In kuma ka yi tsalle za ka maka ƙwallo ka hango gemu a ɗaya ɓangaren, sai hannunka ya mutu, ka miƙa masa a hankali kamar ƙwai.

Ni tawa ta fi ta kowa, don a cikin masu gemun nan akwai surukina, ƙanin uban matata, mutumin Yako, wanda ya zo a horar da shi koyar da Arabiyya. Shekara guda muna kwaleji ɗaya ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a hanya sai in tuna na manta wani abu a ɗaki. Bai taɓa ganin loma ta shiga bakina ba. Gaisuwa kuwa daga nesa nake durƙusawa, ya amsa yana kallon sama. Abin haushi shi ne duk kwalejin ba wanda ya kai shi tsawo da iya taɓa ƙwallo. Da dogon wando yake wasa, da hularsa a ka, ba ya gudu ba ya ihu, amma in ya ɗaga hannu a bakin raga sai ka ce katanga.

Haka muka yi ta shan kashi. Malaman firamare na Tudun Wada suka ci mu. Saje ya ga abin ya yi yawa, ya je ya koya wa leburorin hanya wasan a mako ɗaya don mu samu waɗanda za mu ci mu ɗan ji daɗi. Su ma suka ci mu, suka tafi suna yi mana godiya.

Duk wannan a idon malamin gona ake yi, wanda tun ranar da aka kafa azara yake zagaya filin yana murza ƙasarsa a tafin hannu. Lokacin gyaɗa ce sarauniya, kuma gaskiya filin jigawa ce mai kyau. Wata rana shugaban kwaleji ya kira Saje ofis, mu kuwa muka tarar da aikin shara ya taso mana daidai ƙarƙashin taga. Shugaban ba mugu ba ne, a hankali ya yi magana. Ya ce an shirya wasa a ƙarshen zango tsakaninmu da wata kwaleji daga ƙasar Zazzau, a Tudun Wada, ranar kasuwa. In aka sake cin mu, fili ya koma gonar gyaɗa, Saje kuma ya koma bakin ƙofa ya zama mai gadi. Ya ce, "Ba abin da za a rage maka, Malam, wurin tsayuwa kawai za a sauya."

Saje ya ƙame ya ce, "Ranka ya daɗe." Ya fito ya wuce mu bai ko gan mu ba. Mun san abin da za a rage masa. Mai gadi Baba ake ce masa, ba wanda ke ce masa Malam. Ran nan ba mu ji usur ba, kuma tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Mafita daga akushi ta fito. Ina da taubashi a kwalejin, ɗan gwaggona, daga Ɗansoshiya, ubansa Bafillace ne. Ranar Juma'a ake sa mana nama a miya, yanka ɗaya ga kowane mutum. Na ɗauko nawa ke nan zan kai baki, ya fizge ya jefa a nasa. Na tashi na shaƙe shi ina cewa, "Tofo shi, bawa! Nawa ne!" Muna birgima a ƙasa sai muka ga takalmin Saje a gabanmu.

Ya ce, "Kai, me na ji ka ce?"

Na ce, "Malam, nama ya ƙwace mini."

"Wannan bai girme ka ba?"

"Ya girme ni da shekara huɗu, Malam. Amma ai taubashina ne."

Saje ya dube ni, ya dubi taubashina. Sannan ya ce, "Wato akwai waɗanda ba ku jin kunyarsu." Ya juya ya tafi yana ɗingishi da sauri.

Daga ran nan ya shiga binciken asalin kowa, kamar wanda aka zo neman auren 'yarsa. Wa ya haifi ubanka? Kakarka daga ina aka auro ta? 'Yar wa kake aure? Da yake ba ya rubutu, sai ya haƙa gurabe shida a gindin tsamiya irin na 'yan dara, kowane ɗan wasa da tsakuwarsa. Abin da yake nema shi ne ya jera mu zobe, ta yadda duk inda zagayawa ta kai mutum, na damarsa da na hagunsa abokan wasansa ne. Ya sa taubashina kusa da ni. Kusa da shi ya sa wani Babarbare, tunda Fulani da Barebari ba sa raga wa juna. Bayan Babarbare ya sa wani Bafillacen daga Doguwa, sannan ƙanin matar wannan Bafillacen. Na ƙarshe wani ne da kakansa ya taso daga Zazzau, wanda shi kowane Bakano abokin wasansa ne, shi ya rufe zoben ta ɗaya gefena. Surukina ba inda ya shiga, don shi yayan kowa ne. Saje ya ajiye tsakuwarsa a gefe yana tsaki.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Filin da a da ba ka jin komai sai "bismillah" ya koma kamar mahauta ranar jajibere. "Matsa, bawa!" "Kauce, mai warin nono!" "Bar shi, Bazazzage, ba masara ba ce!" Ana ture juna, ana take ƙafar juna, ƙwallo kuwa ya daina ganin ƙasa. Muka rama a kan leburori, muka rama a kan malaman firamare. Da Saje ya tuna cewa waɗanda za mu kara da su duk Zagezagi ne, wato duk gemun da muka hango ta bayan raga halas ne mu maka masa, sai da ya yi 'yar rawa da ƙafarsa mai lafiya. Malamin gona ya daina murza ƙasa.

Saura kwana uku wasa, kurkunu ya fito wa taubashina a idon sawu. Na same shi zaune ana naɗe tsutsar a tsinke, na ce masa ko a cuta ma sai da ya zaɓi ta ragwaye. Ya ce in je in gai da surukina. Ban gane nufinsa ba sai da na iske Saje a gindin tsamiya ya wuni yana juya tsakuwa. Mutum ɗaya ne ya rage wanda ya iya wasan, wato surukina, kuma ashe uwarsa Bafillata ce, saboda haka zai zauna daidai kusa da Babarbare, a gurbin taubashina. Ɗaya gefen gurbin kuwa ni ne. Duk yadda Saje ya juya, in ya toshe nan sai can ya ɓalle.

Na ce, "Malam, gara ka cire ni."

Ya ce, "In cire ka in sa wa? Malamin gona?" Ya ɗago ya dube ni. "Ta tsakaninku za a shigo mana. In ƙwallo ya zo, ba na so ka ga suruki. Ƙwallo za ka gani."

Na ce to, amma a raina na san faɗa ta fi yi sauƙi.

Muka tafi Tudun Wada a bayan motar itace. Aka kafa raga a wani fili kusa da kasuwa, bayan azahar. Rabin kasuwar ta watse ta dawo kallo, har da masu dabbobi riƙe da igiyoyinsu, kuma tun daga nesa na gane fuskokin mutanen Yako a ciki. Muka ci zagaye na farko da ihu da zagi, don Zagezagin ba su taɓa ganin mutanen da ke faɗa da junansu suna kuma cin wasa ba. Amma ba wawaye ba ne. A zagaye na biyu suka lura cewa tsakanina da dogon nan mai hula akwai ratar da akuya za ta wuce da 'ya'yanta. Suka yi ta zuba ƙwallo a wurin. Ni in jira shi, shi ya jira ni, tim. Suka ci na biyu.

A na uku, na raba gardama, sauran mutum huɗun suka yi ta faɗowa cikin ratar nan suna rufa mana asiri har gwiwoyinsu suka yi jini. Aka yi ta ja, har ya rage mana maki ɗaya, bugun farko kuma a hannunmu. Muka buga, suka tare, suka ɗaga, wani gajere a cikinsu ya lallaɓo ƙwallon ya sako shi daidai tsakanina da surukina. Ba wanda ke kusa. Na ga surukina ya fara janye hannu, na ji nawa ma suna komawa baya da kansu. Sai idona ya faɗa kan Saje a bakin fili. Ba ihu yake yi ba. Ya cire hula ya riƙe ta da hannu biyu a ƙirji, kamar yadda masu gadi ke yi in babba zai wuce.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Nawa ne!" da muryar da har masu awon hatsi suka ji. Kafaɗata ta sami surukina a ƙirji. Ya tafi da baya, ƙafafu a sama, hula ta yi nata wuri tana gangarawa. Na taro ƙwallon saura kaɗan ya taɓa ƙasa, Babarbare ya ɗaga, Bazazzagenmu ya yi tsalle ya maka wa danginsa. Alƙalin wasa ya busa.

Fili ya ɗauki sowa, amma ni murya ɗaya kawai na ji, ta wata mai fura daga Yako: "La'ilaha illallahu! Surukinsa ne fa!" Surukina ya tashi ya karkaɗe wando, wani ya miƙa masa hula, ya sa. A mota shi ya zauna can gaba, ni can baya, ina fatan ta faɗa rami da ni.

Fili dai bai ga gyaɗa ba. Saje ya ci gaba da horar da 'yan ƙwallon raga shekaru masu yawa, har kansa ya yi fari. Ɗalibansa suka watsu, ba makarantar da za ka je daga Bebeji zuwa Doguwa ka rasa azara biyu a bayan aji. Kowace shekara in sababbin ɗalibai suka zo, kafin ya duba tsawon mutum sai ya tambayi kakarsa. Amma in ka ce ya ba ka labarin babbar nasararsa, ba ta Tudun Wada yake faɗa ba, ta Yako yake faɗa.

Ga yadda aka yi. Labari ya riga ni isa gida, kuma ya yi ƙiba a hanya. An ce na ɗaga surukina na yi masa kayen 'yan kokawa a tsakiyar kasuwa, wasu ma suka ce ba wando a jikina. Matata tana can gidansu goyon ciki. Ubanta, wanda alaramma ne da ake jin maganarsa, ya aiko a ce in zo. Na roƙi mahaifina ya raka ni, ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, wanda ya sa ni shi ya raka ni. Na je na gaya wa Saje ina zaton zai yi dariya. Ya shiga ɗaki ya tuɓe kakinsa, ya fito da babbar riga da ƙunshin goro.

Na goya shi a keke har Yako. Mutumin da ya shekara yana zagin kunya, tun daga bakin lungu ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu. Muka yi sallama a zaure. Alaramma yana zaune a kan buzu, dattawa kewaye da shi, surukina na kwaleji a gefe yana jan carbi. Na zube tun daga bakin ƙofa. Saje ya durƙusa a kan ƙafarsa mai ciwo, na ji ƙashin ya yi ƙara. Bayan doguwar gaisuwa ya tura goro gaba.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, yaron nan ba shi da laifi. Yana da kunya, har ta yi masa yawa. Ni na ba shi umarni. Ni jahili ne, ko alif ban sani ba, soja kawai na yi. In akwai hukunci, a kaina ya kamata ya sauka."

Alaramma ya dube shi, ya juya ga ƙaninsa ya ce, "Wane ne wannan bawan Allah?"

Surukina ya ajiye carbi. Ran nan na fara jin doguwar magana daga bakinsa. Ya ce, "Yaya, malaminmu ne. Shekara guda yana koya mana abu ɗaya, kuma gani na yi yaron nan ya riga ni koya. Da bai ture ni ba, da har yanzu muna can tsaye kowa yana jiran ɗan'uwansa, shi kuma bawan Allah nan yana bakin ƙofa da sanda."

Wani dattijo ya tambaya ko da gaske ne ƙafafunsa sun kalli sama. Surukina ya ce duka biyun. Zaure ya fashe da dariya, har alaramma ya rufe baki da hannun riga. Da aka lafa ya yanke hukunci cewa daga yau in za mu yi wannan wasa a riƙa sa mutum ɗaya a tsakaninmu. Sannan fuskarsa ta sauya, ya dubi ƙaninsa ya ce, "Ka ce malaminka ne, kuma kana zaune ka bar shi durƙushe a ƙasa?" Ya matsa gefe guda, ya buga buzun da tafin hannu. "Malam, taso ka zauna nan."

Saje bai motsa ba. Na ce a raina, wannan mutum ko a nan ma sai ya yi halinsa na so a maimaita. Na ɗan saci kallonsa ta ƙasan ido, sai na ga hawaye na ɗiga a kan babbar rigarsa.

Alaramma ya sake cewa, "Malam, da kai nake."